Masu Fita da Masu Shigowa: Tafiya Neman Ilimi a Tarihin Birnin Kano

A ƙarshen shekarar 2023 jirage suka fara tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ɗauke da ɗaliban da gwamnatin jiha ta tura ƙaro ilimi a Indiya da Uganda, cikin wani shiri na mutum 1,001. Kafin nan, a 2012, an tura 501 zuwa ƙasashe daban-daban. Duk sanda aka yi irin wannan rakiya, magana biyu ake ji a majalisun cikin gari. Wasu su ce Kano ta waye, ta fara leƙa duniya. Wasu su ce an kai 'ya'yan mutane inda za su baro tarbiyyarsu. Masu murnar da masu fargabar sun yi tarayya a kuskure ɗaya, domin dukkansu sun ɗauka fita neman ilimi baƙon abu ne da ya zo tare da boko da jirgin sama. Tarihin birnin bai goyi bayan wannan ba. A kan tafiya aka gina malantar Kano tun farkonta, kuma abin da ya sa tafiyar ta yi albarka tsawon ƙarnoni shi ne hanyar tana da zuwa tana da komowa. Birnin yana sallamar nasa yana saukar na wasu, kuma duk inda ɗalibi ya sa ƙafa akwai wanda ya ɗauki nauyinsa, a can da kuma nan gida idan ya dawo. Raunin tsarin da muke kai yanzu daga nan ya faro.

Kano ta fara ne da karɓar baƙi kafin ta fara aikawa. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya sa zuwan Wangarawa daga ƙasar Mali, ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), kodayake wani rubutun na zuriyar Wangarawan kansu ya kawo zuwan nasu zamanin Muhammadu Rumfa. Ko wanne aka ɗauka, malamai ne da suka baro gida da littattafansu suka zo suka zauna. Wani abin lura a kundin shi ne yadda yake ambaton littattafai tare da sunan wanda ya kawo su, kamar yadda yake ambaton yaƙi tare da sunan wanda ya ci shi. A zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463) ya ce Fulani sun zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, alhali a da abin da ke hannu Alƙur'ani ne da fiƙihu da hadisi. A zamanin Muhammadu Kisoki (1509 zuwa 1565) ya ambaci wani shehi mutumin Tunis da ya kawo Ashafa, da Shehu Abdussalami da ya zo da Mudawwana da Jami'us Sagir. Duk wanda ya taɓa zama a wurin karatun Ashafa cikin watan azumi a wani masallacin cikin gari yana sauraron littafin da wani matafiyi ya ɗauko ya ƙetaro Sahara da shi kusan shekara ɗari biyar da suka wuce. Tsakanin zamanin Yakubu da na Kisoki ne Shehu Muhammadu bin Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan, ya sauka wajen Sarki Rumfa wajajen 1492, ya rubuta masa littafi a kan wajiban sarakuna, ya bar zuriyar da ake dangantawa da unguwar Sharifai. Malaman Timbuktu ma sun biyo: kakan Ahmad Baba, wato Ahmad bin Umar Aƙit, ya karantar a Kano a hanyarsa ta komawa daga hajji, haka Makhluf al-Bilbali ya karantar a Kano da Katsina.

Sunayen unguwannin cikin ganuwa kansu shaida ne. Zangon Barebari, Agadasawa, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna, Kabara wadda ta ɗauki sunan tashar jiragen ruwan Timbuktu saboda malamin da ya fito daga can. Fatauci ne ya kawo da yawa daga cikinsu, amma a Kano fatauci da karatu ayari ɗaya suke bi, kuma tsarin da ya saukar da falke shi ya saukar da ɗalibi. Baƙo yana da mai masauki. Idan ɗan kasuwa ne fatoma zai ba shi ɗaki ya tsaya masa a ciniki. Idan mai neman ilimi ne malami zai ba shi wuri a zaure ko a shago, maƙwabta su riƙa aiko da ƙwaryar tuwo, attajirin unguwa ya tuna da shi lokacin zakka. Karatun zaure kansa an tsara shi ne yadda zai karɓi wanda ya zo jiya. Malam yana zaune a kan buzu bayan sallar asuba, ɗalibai sun kewaye shi kowa da littafinsa, wannan Ahalari, wancan Risala, wani can Muhtasar. Idan layi ya zo kanka sai ka karanto jimla da Larabci, malam ya fassara da Hausa ya yi bayani, ka ci gaba har ya ce ya isa na yau, na bayanka ya matso. Ba zangon karatu ba ranar rufe rajista, saboda haka mutumin Agadas ko na Bida zai iya shigowa da rani ya sauke littafi ɗaya ya koma gida kafin damina, wani kuma ya zauna shekara ashirin har malam ya ba shi 'ya. Madabo, wadda ake dangantawa da Wangarawa, ta shahara da fiƙihu ta wannan hanya ƙarni bayan ƙarni.

Masu fita kuwa gabas suka fi dosa. Ga mahaddata, Borno ce matattara: yaro ya tashi kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, sannan ya ɗauki allo da gafaka da 'yar butar tawada ya bi tsangayu har ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya dawo ana ce masa alaramma, mai rabo ya kai gwani. Ga masu neman fannoni, hanyar hajji ita ce jami'ar. Tafiya ce ta shekaru, a ƙasa, ana yada zango ana noma ko ɗinki ana karatu, kuma Alƙahira babban masauki ce a kanta. Tun tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a can domin ɗalibansu da alhazansu, daga baya kuma Azhar ta ware wa mutanen Borno ɓangare na kwana da karatu. Wannan hujja ce mai ƙarfi: shekaru ɗari bakwai kafin a san wani abu wai shi hukumar ba da tallafin karatu, mutanen wannan yanki sun gane cewa tura ɗalibi ba tare da an tanadar masa wurin sauka ba jefar da shi ne. Abin da matafiyi ke komowa da shi kuma ba takarda ce mai hatimin hukuma ba. Ijaza ce, malami ya rubuta da hannunsa cewa wane ya karanta littafi kaza a gabana kamar yadda na karanta a gaban wane, har zuwa mawallafi. Ijaza amana ce da ake miƙawa, kuma ba ta da wani amfani sai wanda ya karɓa ya shimfiɗa buzu ya miƙa ta ga na gaba.

Mai musu zai ce ai ba kowa ke dawowa ba, ko a da. Gaskiya ne. Muhammad al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina masanin lissafi da taurari, ya tafi hajji ya zauna a Alƙahira yana karantarwa yana rubutu, ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato ya bi hanyar fataucin goro zuwa Salaga, ya ƙare rayuwarsa yana limanci da karantarwa a Kete-Krachi, a ƙasar Gana ta yau, a 1934. Amma rashin dawowar waɗannan bai tsiyata ƙasar Hausa ba, domin a lokacin da suke fita wasu suna shigowa, kuma duk wanda ya zauna a can ya zama masaukin wanda zai biyo baya. Zangunan Hausawa daga Kumasi zuwa Sudan cike suke da irin waɗannan malamai. Asara tana farawa ne ranar da ƙofa ta zama ta fita kaɗai.

Zuwan Turawa a 1903 bai tsayar da tafiyar ba, sai dai ya sa mata linzami. Makarantar da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909 a Nassarawa take, bayan ganuwa, kuma mutanen cikin gari sun daɗe suna kallonta da shakka. Su kuma Turawan mulki abin da suke tsoro shi ne Masar, inda suke ganin ɗalibi zai kwaso siyasar ƙin mulkin mallaka tare da nahawu. Mafitar da aka samu ta zo daidai da tsohuwar al'adar birnin, wato a kawo malaman gida. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan, cikinsu har da Shehu Bashir al-Rayyah, kuma a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci da kowa ya sani da SAS. Daga cikin waɗanda suka fito daga hannun waɗannan baƙi ne aka tura rukuni zuwa kwalejin horar da malamai ta Bakht al-Ruda a bakin Farin Nilu a tsakiyar shekarun 1950, cikinsu akwai Abubakar Mahmud Gumi da Halliru Binji da Shehu Galadanci. Gumi ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa. Galadanci, ɗan cikin birni, ya ƙara da Ingila da Alƙahira, ya dawo ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero, sannan ya zama shugaban farko na jami'ar Sakkwato. Ita kanta kwalejin a harabar SAS aka fara ta a 1960, kuma ita ce ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Wato daga 'yan malamai baƙi da aka saukar a 1934 zuwa jami'a sukutum, shekara arba'in da uku ne, kuma a kowane mataki akwai wanda ya zo da wanda ya je ya dawo ya tarar da aji yana jiransa.

A daidai wannan lokaci malaman zaure suna da tasu hanyar da ba ta bi ta ofishin Razdan ba. Sarki Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass a Makka a 1937, Shehun ya ziyarci Kano a shekarun 1940, daga nan almajiran Malam Muhammadu Salga, irin su Malam Tijjani Usman na Zangon Barebari da Malam Abubakar Atiku na Sanka, suka ƙulla zumunci da Kaulaha ta ƙasar Senegal, har tura yara karatu can ya zama al'ada a gidaje da yawa. Shehu Nasiru Kabara shi kuma ya je Bagadaza a 1953 ya haɗa Ƙadiriyyar Kano da tushenta kai tsaye. Waɗannan tafiye-tafiye ba su da takardar tallafi, amma suna da abin da ya fi ta, domin yaron da aka tura gidan shehi aka tura shi, kuma an san wanda za a tambaya idan wani abu ya same shi.

Musu mafi nauyi shi ne a ce duk wannan tafiya ce cikin ƙasashen Musulmi domin ilimin addini, ba a haɗa ta da zuwa Landan ko Indiya ba. Tarihin Malam Aminu Kano ya isa amsa. An haife shi a 1920 a unguwar Sudawa, a gidan malamai da alƙalai, ya fara karatu a gaban mahaifiyarsa da malaman unguwa kafin makarantar Shahuci da Midil da Kwalejin Kaduna. Yana koyarwa a Bauchi aka ba shi gurbin shekara ɗaya a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1946, shekara guda bayan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je wuri ɗaya. Wata goma sha biyu ba ta isa mutum ya zama masani a wani fanni ba, kuma ba digiri ya je yi ba. Abin da shekarar ta ba shi shi ne ganin yadda talakan Ingila, a ƙarƙashin gwamnatin Leba ta bayan yaƙi, yake da ƙungiya da ƙuri'a da bakin magana. A can ya fara haɗa kan malaman makaranta 'yan Arewa, ya dawo aka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, a 1950 ya ajiye aikin koyarwa ya shiga jam'iyyar NEPU. Amma da ya tashi yi wa Kanawa bayanin zalunci da haƙƙin talaka, da ayoyi da tarihin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi musu, har tafsiri yana yi da azumi. Landan ta nuna masa dabarar tsari, hujjar kuwa daga zauren gidansu ya tafi da ita. Da ya tafi fanko, da abin da zai dawo da shi kwaikwayo ne. Su biyu da Tafawa Ɓalewa sun zauna a cibiya ɗaya sun dawo da ra'ayoyi mabambanta ƙwarai, wanda ke nuna cewa ƙasar waje ba ta ƙera mutum daga farko, abin da ya je da shi take wasawa.

Masu fargaba suna da gaskiya a wuri ɗaya, kuma bai kamata a ɓoye ba: wanda ya dawo yakan dawo da rigima. Da almajiran Kaulaha suka fara sallah da ƙabalu a garin da ya saba da sadalu, an yi shekaru ana muhawara, a wasu wuraren har da doke-doke. Da aka buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961 ɗalibanta suka fara komowa, sai wani sabon saɓanin ya tashi tsakaninsu da malaman ɗariƙu, kuma har yau bai kwanta ba. Shi kansa Malam Aminu sarakuna ba su ɗauki dawowarsa alheri ba. Sai dai rufe ƙofa ba ya maganin wannan, domin saɓanin Salgawa, wato Malam Salga da almajiransa, da malaman Madabo a kan al'adun jana'iza da sadakar mamaci a cikin gari aka haife shi, tsakanin malami da gidan da ya yi karatu. Kuma kowace irin wannan rigima ta tilasta wa ɓangarorin biyu komawa ga littafi, aka yi rubuce-rubuce da raddi da buɗe makarantu. Garin da malamansa ba sa fita kuma baƙi ba sa shigo masa zai zauna lafiya, amma karatunsa zai tsaya inda kakanni suka bar shi.

Akwai kuma mai nuna yaran da ke yawo da roba a Ƙofar Mata da Kurmi ya ce ga inda al'adar tafiya neman ilimi ta kai mu. Wannan hujja ce a kan rushewar masauki, ita ce ma ta fi kowace nuna shi. Tsarin da ya dogara da gonar malam da zakkar hatsi da unguwar da ta san kowane baƙo ba zai ɗauki dubban yara ƙanana a birnin miliyoyin mutane ba. An ci gaba da turawa bayan masu karɓa sun gaza. Wani gurbin da tarihin ya bari shi ne na mata: ayari ne da namiji ya fi yawa a cikinsa, mace takan yi karatunta a cikin gida wajen uba ko miji ko modibbo. Ganin 'yan matan Kano suna tafiya karatun likita a Sudan da Masar yana cikin abubuwan da zamanin nan ya fi na da.

Idan aka auna tsarin yau da wannan ma'auni, za a ga inda yake yoyo. Ana shelar adadin waɗanda aka tura, ana ɗaukar hoto a bakin jirgi, iyaye mata sun cika jakunkuna da kilishi da yaji da kuka da daddawa, amma ba a cika jin wanda aka ɗora wa alhakinsu a can ba. Ɗaliban Kano da aka tura arewacin tsibirin Saifurus sun gama karatu jami'a ta riƙe takardunsu shekaru saboda bashin kuɗin makaranta, sai a 2025 aka biya. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilun 2023, ɗaliban Nijeriya, da yawansu 'yan Kano da maƙwabta, sun kwana da kwanaki a kan iyakar Masar kafin a kwaso su. Wanda ya dawo lafiya da digirinsa kuma sau da yawa ba ya tarar da aji ko ɗakin gwaji ko asibitin da aka tanada dominsa, sai ya fara neman hanyar komawa. Ɓangaren shigowa ma ya yi rauni. Har yanzu ɗalibai daga Nijar da Chadi da Kamaru da Gana suna zama a zaurukan cikin gari, kuma a da Turawa ma sun zo: Charles Robinson ya iso Kano a 1894 domin koyon Hausa, John Paden ya zauna a cikin birni a shekarun 1960 yana nazarin malamanta. Amma babu wani shiri na jiha da ya kai girman na turawa wanda aikinsa gayyato malamai da ɗalibai daga waje.

Saboda haka kira a nan ga gwamnati ne da attajiran Kano da masu riƙe da jami'o'inta. Kafin a sake sallamar wani rukuni, a ajiye kuɗin karatunsu gaba ɗaya inda canjin gwamnati ba zai taɓa shi ba, a naɗa wanda za a tambaya a kowace ƙasa, a kuma rubuta wa kowane ɗalibi wurin aikin da zai dawo ya tarar. A cikin kowace yarjejeniya da jami'ar waje a sa sharaɗin ta turo nata malaman su yi ko da zango ɗaya suna koyarwa a Kano, ta turo nata ɗaliban su zo su karanci Hausa da Larabci da rubuce-rubucen da ke jibge a gidajen malamai, a kuma sama musu masauki a cikin gari.